Tulun Dakta Sakinatu

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, alhali yawancin mutanen Unguwar Dallatu ko aljihun ba su da shi, aka wayi gari an yi sata a disfensaren garin. Abin ya ba kowa mamaki, domin an daɗe da sanin babu abin ɗauka a ciki. Magani ya ƙare tun bara. Kwaɗon ƙofar ma wani bawan Allah ya riga ya tafi da shi, sai waya ake ɗaurewa.

Sama'ilu mai bin sawu yana noman farko a gonarsa Dagaci ya aiko masa. Kafin ya iso, rabin gari ya riga ya zo jaje, ya tattake duk ƙasar da yayyafin asuba ya jiƙa. Sama'ilu ya tsaya ya dubi ɓarnar. Shekara talatin yana roƙon mutanen nan kada su taka wurin da aka yi sata, shekara talatin suna zuwa taya shi aiki da ƙafafunsu.

"Me aka ɗauka?" ya tambaya.

"Tuluna, Baba Sama'ilu."

Dakta Sakinatu Lawan ce ta amsa, tana kai gwauro tana kai mari a bakin ƙofa, mayafinta a karkace. Mahaifiyarta 'yar garin ce. Ita kuwa ta yi karatu a Turai, ta shafe shekaru tana leƙen ƙwayoyin halittar tsoka a madubin likita, tana neman sanin zaren furotin da ke sa nama ya ɗame ya saki. An ce ta ƙirƙiro hanyar tace furotin daga tsokar da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma har yanzu ɗakunan bincike a can suna amfani da ita suna ambaton sunanta. Sai ta dawo gida, daidai lokacin da abokan aikinta suke sayar da littattafansu suna neman biza. Mutanen gari ba su san duk wannan ba. Abin da suka sani shi ne 'yar Larai ta yi karatun nama, kuma ba ta da rumfa a kasuwa.

Ta yi masa bayani da sauri. Tulun na ƙarfe ne, tsawonsa ya kai gwiwa. A ciki akwai wani ruwa mai hayaƙi, wanda sanyinsa ya ninka na ƙanƙara, daga ma'aikatan dabbobi take roƙo shi. A cikin ruwan akwai 'yan kwalabe, kowace da gutsuren tsoka daga cinyar wani mai ciwon sanɗa. Sama'ilu ya san ciwon. Yana bin wasu gidaje a garin, ya fara ɗage wa yaro dunduniya har ya riƙa tafiya a kan yatsu, daga baya ya zaunar da shi, daga ƙarshe ya kwantar da shi.

"Damina uku ina tara su," in ji ta. "Akwai furotin ɗin da nake zaton babu shi a tsokarsu. In na tabbatar, an san sunan ciwon ke nan. Amma tulun tsoho ne, yana yoyon sanyi. Jiya ya kamata in kai shi Kano a ƙara masa ruwa, direbana yana layin fetur a Bici. In rana ta faɗi ba a kai shi ba, abin da ke ciki ya zama ruɓaɓɓen nama."

"Ba za a iya sake yanko wani ba?"

"Wasu daga cikinsu sun rasu, Baba."

Sama'ilu ya ɗaga kai ya dubi rana. Hantsi ya riga ya yi.

*

Jama'a ba su jira shi ba, sun riga sun gama bincikensu. Nama ya ɓace, garin kuma mahauci ɗaya gare shi. Sama'ilu ya sami Muntaka a rumfarsa yana kankare ganda, gama rabonsa da yanka ko bunsuru tun sallar layya.

"Ka zo kama ni, Malam Sama'ilu? Bismilla. A gidan yari an ce ana ba da abinci."

"Ina ka yi asuba?"

"A sahun farko, kusa da Liman. Tambaye shi, har ya ce in daina zuwa da warin ganda." Ya nuna wuƙa wajen disfensare. "Naman da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wa zan sayar wa? Ko da yake, yadda ake ciki yanzu, da na samu mai saye."

Sama'ilu ya dubi ƙafar Muntaka. Takalmin roba ne, ɗaya ja ɗaya kore.

"In mai haushinta kake nema," in ji Muntaka, ya rage murya, "je wurin Iliyasu. Ranar kasuwa a nan ya tsaya yana ɗaga murya, wai ta yanke shi ba ta ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Wai yayansa Uwaisu ya shiga kabari da gibi a cinya."

*

Sama'ilu ya bar ƙofar disfensare ga masu jaje, ya zaga baya da nisa, inda ƙafar gari ba ta kai ba. A gefen gonar gero ya tsince shi. Sawu ɗaya, na takalmin taya, ya fi nutsewa ta dama, alamar mai shi yana riƙe da abu mai nauyi a wannan hannun.

Ya tsuguna. Gaban takalmin ya sule sumul, babu zanen taya ko kaɗan. Amma zanen dunduniya ya fito raɗau kamar jiya aka yanko shi. Takalmi ɗaya ne ke cinyewa haka, na mai ciwon sanɗa.

Ya bi sawun ta tsakanin gonaki, ya ratsa gyaɗar Liman, ya bi shingen aduruku, har bakin maƙabarta. Nan ya tsaya cak. Ga zagayen gindin tulun a ƙasa inda aka ajiye shi. Mai sawun ya daɗe a wurin: ya matsa gaba har ya kusa taɓa iyakar, ya ja baya, ya sake matsawa, ya dirje ƙasa da ƙafa. Bai shiga ba. Daga nan ya ɗauki kayansa ya juya, ya faɗa hanyar rijiya, inda matan gari da awakinsu suka shafe komai.

Tsoro, in ji Sama'ilu a ransa. Ɓarawo ya zo ɓoye kaya inda ba mai tono, kaburbura suka yi masa kwarjini. Ya sha ganin haka.

*

Ƙafarsa ta yi nauyi a hanyar gidan Iliyasu, domin gidan ba baƙonsa ba ne. Kulu, matar marigayi Uwaisu, 'yar ƙanwarsa ce, tana ciki tana takaba. A bakin zaure, idonsa da ba ya hutawa ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin sawu, ƙafa ba takalmi: yatsu biyar, tafin gaba, daga nan sai ƙasa lafiya lau. Na Basiru ne, ɗan Kulu ɗaya tilo. Sama'ilu ya kau da kai. Ba wannan ya zo nema ba.

Iliyasu yana zaune a zaure yana saƙar igiya, takalmansa a gefe. Sama'ilu ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Gaba sumul, dunduniya sabuwa.

"Saya za ka yi, Baba?"

"An ce ka zagi Dakta a kasuwa."

"Ban zage ta ba, gaskiya na faɗa. Ta ce mana za ta gano abin da ya ɓace a jikinmu. Na ce mata na riga na gano, cinyata ce ta ragu." Ya ja igiyar da ƙarfi. "Ranar da aka wanke Uwaisu, Liman da bakinsa ya ce duk abin da aka yanka a jikin Musulmi haƙƙinsa ne a binne. Har cikin gida mata suka ji. Ita kuma ta sa yayana a kwalba kamar man zafi."

"Ina ka yi asuba?"

"Inda nake yin kowace. A kan tabarma. Masallaci ya yi mini nisa tun bara, ko kai ma ba ka lura ba?"

Sama'ilu ya lura. Amma ya san mutum in ransa ya ɓaci yakan yi tafiyar da ba ya yi da lafiyarsa.

*

An yi azahar. Dakta Sakinatu tana nan a bakin disfensare, ta tattake wurin fiye da dukan masu jaje.

"Ina jin Iliyasu ne," in ji Sama'ilu. "Takalmin irin nasa ne. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. A sawun ɓarawon, dunduniya ta taka ƙasa. Amma na ce ko nauyin tulun ne ya danne shi."

"Nuna mini."

Ya kai ta gefen gonar geron. Ta tsuguna, ta sa yatsa a ramin dunduniyar, ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Ko buhun gero uku ka ɗora masa, dunduniyarsa ba za ta sauka ba. Ba ɗagewa yake yi ba, Baba. Tsokar sharaɓarsa ce ta mutu, wani abu mai tauri ya maye gurbinta, ya ɗaure jijiyar. Da hannuna na gwada lanƙwasa ƙafarsa, kamar ka lanƙwasa ƙotar fartanya. Duk mai ciwon da ya cinye takalmi haka, ya wuce taka ƙasa da dunduniya."

"To mai lafiya ne a takalmin mara lafiya."

"Na wa? Kowannensu takalmi ɗaya gare shi, kuma yana ƙafarsa."

"Sai wanda ya daina bukatar nasa," in ji Sama'ilu a hankali.

Kayan Uwaisu ba a raba ba tukuna, suna ɗakinsa. Sai bakin maƙabarta ya dawo masa: gaba, baya, gaba, baya. Ɓarawon da tsoro ya kama juyawa yake yi da gudu, sawunsa ya yi faɗi. Wannan bai gudu ba. So yake ya shiga, wani abu ya hana shi. Kuma kowane namiji a garin nan ya shiga maƙabartar sau ba adadi, musamman a waɗannan shekarun. Sama'ilu ya goge zufa. Ina ma a ce Muntaka ne.

*

Ya ce wa Dagaci a tara mutane, amma ba a fada ba, a zauren gidan Uwaisu. Dagaci ya zo da Liman, aka kawo Muntaka da wuƙarsa a hannu don ya manta bai ajiye ba, Iliyasu kuma dama yana wurin. Sauran gari suka cika ƙofar gida.

"Ranka ya daɗe, Muntaka dai ba shi ba ne," in ji Sama'ilu.

"Ku shaida," in ji Muntaka. "Kuma har yanzu da sauran ganda."

"Iliyasu ma ba shi ba ne. Wanda ya ɗauki tulun yana taka ƙasa da dunduniya, Dakta kuma ta ce tasa ba ta sauka. Amma takalmin na gidan nan ne. Na Uwaisu ne."

Aka ɗauki salati. Wani daga waje ya ce shi dama ya faɗa, mamacin ne ya dawo karɓar abinsa. Liman ya ce a yi wa Allah a yi shiru.

"Mamaci ba ya tsayawa a bakin maƙabarta yana shawarar ko ya shiga," in ji Sama'ilu. "Mai sawun nan ya ɗauki tulun har can, don ya binne. Ya kai iyaka ya kasa tsallakawa. Ba tsoro ba ne. Malam, wa ba ya shiga maƙabarta a garin nan?"

"Mata," in ji Liman a hankali.

Sama'ilu ya juya wajen asabarin da ya raba zaure da cikin gida. Tun ɗazu yake ganin inuwar ƙafa a ƙarƙashinsa.

"Kulu. Ni ne, kawunki. Miƙo hannunki."

Sannan hannu ya fito ta gefen asabarin. Yatsu biyu sun yi fari, sun tashi kamar ƙunar wuta.

"Ruwan ne," in ji Dakta Sakinatu. "Kin buɗe shi?"

"Sau ɗaya," in ji Kulu daga ciki, muryarta a dake. "Na ce zan ɗauki nasa kawai in bar miki sauran. Na buɗe, hayaƙi ya taso, na sa hannu ya cije ni. Duk kwalaben iri ɗaya. Sai na ce in kai su duka, ai duk 'yan garin nan ne."

"Kika fita cikin takaba?" in ji Dagaci. "Da takalmin namiji?"

"Nawa ya tsinke tun kafin ya rasu, ranka ya daɗe. Nasa ne kaɗai a ɗakin. Na nemi Iliyasu ya roƙa mini, ya tafi kasuwa ya yi ihu. Na aika wa Malam, ya ce zai duba littafi. To ni ce nake kwana da abin. Mutumin nan a duniya bai taɓa tsayawa daidai ba, a lahirar ma ya tashi da gibi?"

Liman ya duƙufa kan carbinsa.

"Ina tulun yake?" in ji Dakta.

"Bayan randa. Na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, na ga kamar sanyi yake so."

Dagaci ya yi wa Sama'ilu izini da kai. Suka shiga shi da Dakta. Ta durƙusa gaban tulun, ta ɗaga murfi kaɗan. Wani siririn hayaƙi ya fito, kamar na garwashin da ya kusa mutuwa. Ta sauke numfashi. Sannan ta ɗauko wani dogon ƙarfe daga jakarta, ta zura, ta zaro kwalba ɗaya ta duba, ta riƙe ta a bakin tulun inda hayaƙin yake.

"Wannan ne na Uwaisu. Da ya rasu, ya kamata in zo in tambaye ki. Shi na tambaya, na ɗauka an gama." Ta dubi Kulu. "Nasa ne ya fi kowanne muhimmanci a wurina, don shi ciwon ya fi ci. Amma naki ne. Ki ce a ba Malam, yanzu a kai."

Kulu ta miƙa hannu. Sai ta tsaya. Sama'ilu ya ga inda idonta ya tafi. Tsakar gidan a share take tas, sai layin ƙaramin sawu daga ɗaki zuwa madafa, yatsu da tafin gaba kawai.

"Kawu, kai ma ka gani ko?"

"Na gani."

"Dakta, in na bar miki shi, ƙafar Basiru za ta sauka?"

Sama'ilu ya yi fatan matar nan ta yi ƙarya, ko sau ɗaya, kamar kowane mai ilimi da ya taɓa zuwa garin da mota.

"Ban sani ba," in ji Dakta Sakinatu. "Magani ba ni da shi. Suna kawai nake nema. Bayan suna, wani zai nemi magani, wataƙila ɗalibina, wataƙila ɗalibin ɗalibina. Zai yiwu Basiru bai riske shi ba."

Hayaƙin yana ƙara sirancewa. Daga waje aka ji ladan yana gyaran murya don la'asar.

"Ke dai ba ki iya talla ba," in ji Kulu. Ta janye hannunta, ta naɗe shi a zani. "Mayar da shi. Aro na ba ki, ba kyauta ba. Kafin a yanke gero zan fita takaba. Ranar ki dawo mini da abin da ya rage, ko ƙanƙanin ƙwayar gero ne, Kawu ya kai shi ya sa a gefen uban ɗana. In ba ki zo ba, takalmin yana nan, kuma an ce Kano ba ta da nisa."

Dakta Sakinatu, wadda ta sa hannu a yarjejeniya da jami'o'i uku na ƙasashen waje, ta ce, "Na yi alkawari, Yaya Kulu." Ta rufe tulun.

Saura Kano. Direba yana Bici yana gadin motar da ba mai a ciki. Muntaka ya ce akwai motar tumatir da ke tasowa daga Watari bayan la'asar, in an kai titi da wuri. Ya sunkuci tulun a ka, wai tunda an ce shi ya sace, gara ya san nauyinsa. Dakta ta tattare zaninta ta bi shi a guje, jama'a na darewa.

Sama'ilu ya tsaya a ƙofar gida har suka ɓace bayan gonaki. Daga nan, don hali ba ya barin mai shi, ya sunkuya ya duba ƙasa. Sawun Dakta ya miƙe ɗoɗar zuwa titi, sawun mai gudu, yatsu da tafin gaba kawai, dunduniya ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Shekara talatin yana ganin irin wannan sawun a Unguwar Dallatu. Yau ne karo na farko da ya gan shi yana sauri.